TUKUNYAR GAS TA SHIGA GIDA, ILIMINTA YANA BAKIN ƘOFA

Wata ranar Laraba da dare, bayan mun gama shirya shafukan wannan jarida, na isa gida a Agege wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ga gajiya, ga mura ta toshe mini hanci. Na ce bari in ɗora ruwan shayi da kaina, kada in ta da kowa. Na tura ƙofar kicin cikin duhu, na miƙa hannu ina laluben makunnin fitila a bango, sai na ji muryar uwargida a bayana tana cewa, "Malam, tsaya! Don Allah kada ka kunna. Ba ka jin warin nan?" Ni kuwa ban ji kome ba. Ta wuce ni ta rufe kan tukunyar gas, ta buɗe taga da ƙofar baya, sa'an nan muka ɗauki yara muka fita tsakar gida, muka yi zaune fiye da sa'a guda. Da gari ya waye muka janye murhu, sai ga tiyon gas ɓera ya gwaigwaye shi ta baya, inda ido ba ya kaiwa.

Iyali takwas ne ke haya a gidan nan, waɗanda suka kwana cikinsa a wannan dare kuwa sun haura mutum arba'in. Tun daga ranar nake tuhumar kaina. Ni na sayi tukunyar, na yi cinikinta har sai da aka rage mini, na tambayi ko wata nawa gas ɗin zai kai mu, amma ban taɓa tambayar yadda ake zama lafiya da ita ba. Na kuma tabbata magidanta irina suna da yawa, daga Idi-Araba da Sabon Badun har zuwa Kano da Sakkwato.

DAGA MURHU ZUWA GAS

Dalilin wannan jahilci namu ba shi da wuyar ganewa. Ilimin murhun itace gado ne. Yarinya tana tasowa tana ganin mahaifiyarta tana janye itace in an sauke tukunya, tana yayyafa masa ruwa, tana binne garwashi cikin toka. Tun ba ta kai girki ba ta san ba a hura wuta kusa da zana, ba a kuma barin ta in iska ta taso. Kafin a kai ta ɗakin miji ta haddace wannan duka, ba wanda ya zaunar da ita ya karanta mata.

Gas kuwa bai samu wannan gata ba, domin da gaggawa ya shigo mana. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin kananzir, farashinsa ya yi ta hawa har risho ya gagari talaka. Itace da gawayi su ma sun yi tsada a birane. A watan Maris na 2021 kuma gwamnati ta ayyana shekarun 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na bunƙasa amfani da gas. Yanzu da wuya ka ga kayan ɗakin amarya a birni babu tukunyar gas, ko da ƙarama ce mai kilo 3 ko 6 wadda ake ɗaura wa murhu a ka. Sauyin yana da alheri, gama hayaƙin itace ya daɗe yana cin idanu da huhun iyayenmu mata. Sai dai uwar da ta saya wa 'yarta tukunyar ita kanta ba ta taɓa girki da ita ba, to, me za ta koya mata?

HALIN GAS

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, haɗarin wutar itace yana farawa bayan an kunna ta, na gas kuwa yana farawa tun ba a ƙyasta ashana ba. Abin da ke cikin tukunyar nan ruwa ne da aka matse, haɗin sinadarai biyu da ake kira furofen da buten. Lita ɗaya ta wannan ruwa in ta samu hanyar fita takan zama iska kimanin lita 250. Bugu da ƙari, iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Watau ba ta tashi sama ta fice ta taga yadda hayaƙi ke yi. Ƙasa take bi kamar ruwa, ta kwanta ƙarƙashin kabad, ta bi ƙasan ƙofa ta shiga ɗakin da yara ke barci a kan tabarma. In ta kai kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari na iskar ɗaki, ƙyastu ɗaya ya isa ya tashi wurin. Ƙyastun nan kuwa ba lalle sai na ashana ba. Ɗan tartsatsin da makunnin fitila ke yi a cikinsa, ko na firji sa'ad da ya tashi, ko garwashin turaren wuta a kasko, kowanne yana iya zama sanadi.

Shi gas asalinsa ba shi da wari. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai da gangan ake zuba masa shi, domin hanci ya ba da labari kafin wuta ta bayar. Wannan dabara ma sai da aka yi asarar rayuka aka tilasta ta. A 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na Jihar Texas a Amurka ba wanda ya ji, ya fashe ya hallaka kusan mutum 300, yawancinsu 'yan makaranta. Daga nan ne aka kafa dokar sa masa wari. Saboda haka wanda ya ji warin gas ya ce ai haka tukunyarmu take yi, ya yi watsi da gargaɗin da aka saya da tsada.

In an ji wari, ga abin yi. Kada a kunna fitila ko fanka, kada kuma a kashe wadda ke kunne, domin kashewar ma tana tartsatsi. Kada a ƙyasta ashana don neman inda yake fita. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da kowa, a kuma sanar da maƙwabta su kashe wutarsu. In za a buga waya, a buga daga waje. Hanyar gano inda gas ke zurara kuwa mai sauƙi ce: a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a shafa a bakin tukunya da jikin tiyo da duk inda aka yi haɗi. Inda kumfa ya riƙa hurowa, nan ɓarakar take.

TUKUNYA DA TIYO

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kasuwanninmu cike suke da tsofaffin tukwane da aka shafe da sabon fenti, waɗansu tsatsa ta cinye gindinsu, waɗansu ma an yi musu walda. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, tare da gwajin lafiyarta duk bayan shekara biyar. Shekarar da aka ƙera ta tana nan a buge jikin mariƙinta ko gindinta. Mai saye ya duƙa ya karanta kafin ya biya, wanda kuma ya riga ya saya ya je ya duba tasa yau.

Wajen ɗuri ma akwai kuskuren da muke yi da bakinmu. Sau da yawa za ka ji mutum yana ce wa mai gas ya cika masa ita fal. Alhali ƙa'ida ita ce a tsaya a wajen kashi 80 cikin ɗari, a bar sauran fili domin ruwan yana kumbura in ya ji zafi. Tukunyar da aka cika maƙil, aka ɗaure a bayan babur a kwance, aka kuma ajiye ta cikin ranar bazara, ba ta da inda za ta kai wannan kumburi. Lalle ne a ɗauke ta a tsaye, a ajiye ta a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa. In da hali ta zauna a waje, tiyo kaɗai ya shigo kicin. Ba a kwana da ita a ɗaki, ba a kuma ajiye ta kusa da janareta ko kurfoti.

A kuma lura da inda ake ɗurin. Ran 24 ga Disamba 2015, wata tashar gas ta yi bindiga a Nnewi ta Jihar Anambra, sa'ad da jama'a ke layin ɗura tukwanensu domin girkin Kirsimeti, aka yi asarar rayuka. Ran Asabar 4 ga Janairu 2020 kuma wani shagon gas ya fashe a Sabon Tasha cikin Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Shagon da ake juye gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar unguwa, ga mai shayi a dama ga mai tsire a hagu, ba wurin tsayawa ba ne ko da ya fi sauƙin kuɗi.

Tiyo kuwa shi ne abin da aka fi rainawa, shi ne kuma ya kusa gamawa da mu. Dole ya zama na gas ne tun asali, gama tiyon ban ruwa ba ya jure wannan aiki. A ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe. Igiyar roba ko waya ba su wadatar ba. Kada ya ratsa ta bayan murhu inda zafi zai gasa shi. A riƙa lanƙwasa shi ana dubawa, in ya bushe ko ya fara tsagewa a sauya, kada a naɗe shi da salatif. Haka nan 'yar robar da ke cikin bakin tukunya, wadda regileta ke zama a kanta, in ta cinye sai gas ya riƙa sulalewa. Kuɗinta bai kai na burodi ba.

ASHANA KAFIN GAS

Dokar kunnawa guda ce: wuta ta jira gas, kada gas ya jira wuta. A ƙyasta ashana tukuna, a kai ta bakin murhu, sa'an nan a murɗa. Mace ta buɗe gas ta shiga neman ashana, ko ta yi ta ƙyastawa tana mutuwa don sanyin damina, wannan shi ke ƙone gira da fuska. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, ramukan murhu sun toshe, sai a bari ya huce a goge su. In miya ko madara ta tafaso ta kashe wutar, gas yana nan yana fita, don haka a rufe, a bari iska ta ratsa kafin a sake kunnawa. In an gama girki a fara rufe kan tukunya, wutar ta cinye abin da ya rage cikin tiyo, daga baya a rufe murhu.

Tanderun zamani, wanda ake kira obin, ya fi bukatar hattara, musamman yanzu da mata da yawa suka mai da gashin kek da burodi sana'a a cikin gida. Shi akwati ne rufaffe, gas ɗin da ya taru a ciki ba shi da mafita. A buɗe ƙofarsa gaba ɗaya kafin a kunna, a kau da fuska gefe. In bai kama ba cikin 'yan daƙiƙoƙi a rufe gas, a bar ƙofar a buɗe na 'yan mintoci, sa'an nan a sake gwadawa. Bayan an rufe ƙofa a leƙa a tabbata wutar ba ta mutu ba. Kada a mai da cikinsa ma'ajiyar robobi da ledoji, domin wata rana wani zai kunna bai duba ba. A fitar da faranti da busasshen tsumma mai kauri, gama jiƙaƙƙe yana kai zafi hannu nan take. In maiƙo ya kama wuta a ciki, a kashe gas a bar ƙofar a rufe, wutar za ta mutu don rashin iska. Yara kuma a hana su jingina ko hawa ƙofarsa, domin murhun dukansa yana iya rinjayowa da abin da ke kansa.

MAI DA RUWA

Babu ƙunar da ta fi yawa a gidajenmu kamar ta tafasasshen ruwa da man suya, waɗanda ta fi samu kuwa ƙananan yara ne. Ƙaramar tukunya mai murhu a ka tana zaune ne a ƙasa, daidai tsayin yaro mai rarrafe, ga ta kuma da saurin tuntsurewa in an ɗora mata babbar tukunya. A gidajen haya inda ake girki a baranda, yaran gida duka ta nan suke guje-guje. A nemi lungu a kange shi, a juya mariƙin kasko ya dubi bango, kada a miƙa abu mai zafi ta kan yaro, kada kuma a yi suya da goyo ko da yaro a cinya. Dogon hijabi da mayafin roba su ma abin tsoro ne, domin in sun kama narkewa suke yi su manne da fata. A ɗaure su tam, ko a tuɓe kafin a tsaya gaban wuta.

Wanda ya ɗora mai a wuta ba shi da izinin barin wurin, ko sallama ake yi, ko waya ce ta yi ƙara. In mai ya fara hayaƙi ya kusa kamawa. In kuwa ya kama, hannu yakan tafi ga bokitin ruwa da kansa, nan ne kuma babban kuskure yake. Man da ke cin wuta ya haura digiri 300, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Da zarar ya faɗa ciki sai ya nutse ƙasa ya zama tururi nan take, ya kumbura kusan ninki 1,700, ya watso man mai wuta har rufin ɗaki. Abin yi shi ne a kashe murhu, a zura murfin ƙarfe a rufe kaskon, a bar shi har ya huce. Kada a ɗauke shi a ce za a fita da shi waje.

RISHO, GAWAYI DA LANTARKI

Masu risho kada su ce wannan magana ba tasu ba ce. A farkon 2001 gurɓataccen kananzir ya yi ta fashewa a fitilu da risho a Jihar Edo, ya kashe mutane da dama, ya bar waɗansu da tabon da ba ya gogewa. Kananzir na gari ba ya ba da tururin da zai kama wuta sai ya ɗumama ya kai wajen digiri 38, fetur kuwa ko cikin ƙanƙara yana kamawa. Kaɗan daga cikinsa in ya gauraya da kananzir ya isa. Saboda haka a sayi kananzir inda aka amince, a sansana, kada a zuba shi a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kada kuma a ƙara wa risho mai yana kunne ko yana da zafi. Kwalbar lemo ba ma'ajiyar kananzir ba ce, yara da yawa sun sha shi a zaton ruwa.

Gawayi shi kuma kisan mummuƙe yake yi. Lokacin hunturu akan shigo da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fid da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da iskar numfashi sau 200. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, sai barci, daga nan sai a wayi gari a fasa ƙofa. Wanda ya kunna murhun gas ko obin don ɗumama ɗaki shi ma wannan haɗari ya ɗauko. Mai murhun lantarki da hita kuwa, in an ɗauke wuta ya tashi ya zare su tun yana tune, gama ba a sallama in za a maido ta.

IN TA AUKU

In wuta ta kama tufafin mutum kada ya ruga, gudu hura ta yake yi. Ya faɗi ƙasa ya rufe fuska ya yi ta birgima, na kusa kuma su lulluɓe shi da bargo ko su kwara masa ruwa. Maganin farko na ƙuna shi ne ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne. Man goge baki, da ɗanyen ƙwai, da manja, da gishiri, da toka, duk ba su da wurin zama a kan ƙuna, riƙe zafi suke yi su kuma jawo ruɓa. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta samu fuska, ko hannu, ko al'aura, ko kuwa yaro ne ƙarami, a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, a Ikko kuma akwai 767. A kira 'yan kwana-kwana tun wuta tana ƙarama, kada a jira sai guga ya gaza.

Daga ƙarshe, wannan nauyi bai rataya a wuyan mata su kaɗai ba. Maigida ne ke sayen tukunya, shi ke zaɓen tiyo mai araha, shi ke cewa a bari sai ƙarshen wata in an ce masa ana jin wari. Masu gidajen haya su tanadi wurin girki mai iska da abin kashe gobara. Dillalan gas su ɗauki minti biyar su nuna wa sabon mai saye yadda ake ɗaura kai da gwajin sabulu. Hukumomi su bi shagunan da ba su da lasisi. Malamanmu na Islamiyya da masu yi wa amare nasiha su sa wannan cikin abin da suke koyarwa, 'yar aiki da yaran gida su ma a koya musu, domin su ne kan kunna wuta in manya sun fita.

In gobara ta tashi mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne kome da ƙaddara, amma Wanda ya ƙaddara shi ne ya ba mu hanci da hankali. Mu dai a gidanmu mun sauya tiyo, mun fitar da tukunya waje cikin kejin ƙarfe, kuma duk daren duniya kafin a kwanta sai an tambaya ko an rufe gas. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai karatu, kafin ka kwanta yau, kaɗa ruwan sabulu ka shiga kicin. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.